Babur Na Doguwar Tafiya: Ka Sayi Wanda Za Ka Iya Ɗagawa Kai Kaɗai



Kaka ta yi, an kai hatsi rumbu. Wanda ya saida wake ko gujiya, da wanda ya kai ƴan raguna kasuwa, sun riƙe kuɗi a hannu. A irin wannan lokaci, duk garin da na sauka rangadi sai an ja ni gefe an tambaye ni: "Malamin gona, wane moto zan saya?" Wani yana son ya riƙa cin kasuwannin nesa. Wani garkenshi yana arewa, yana son ya riƙa zuwa duba shi. Wani kuma danginshi suna Agadas ko Difa, ya gaji da jiran mota a tasha. Dukkansu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce ke gabansu, rabi bisa kwalta, rabi cikin daji.

Yau zan ba ka amsa a rubuce, don ka karanta a natse kafin ka fid da kuɗin da ka yi damina guda kana tarawa. Amsar ba ta da tsawo: ka sayi babur ɗin da in ya faɗi cikin rairayi za ka iya ɗaga shi kai kaɗai, wanda kuma makaniken ƙauye ya san cikinshi. Sauran bayani duk a kan wannan ya tsaya.

Yadda na koyi wannan karatu

Shekara uku ke nan, nawa babur yana wurin gyara, sai wani abokin aiki ya ara mini nashi. Ƙato ne, injinshi ya wuce sisi 600. Bisa kwalta daga Maraɗi ya yi ta gudu kamar iska, har na fara raina nawa a zuci. Da na wuce Dakwaro na yi arewa, sai na iske wani kori da ya ƙafe, cike da rairayi mai laushi. Ƙafar gaba ta nutse, kan babur ya juya, muka zube tare, ya danne mini ƙafar dama. Da ƙyar na zaro ta, bututun hayaƙi ya riga ya ƙona mini sha raɓa.

Na yi ta fama in tashe shi, na kasa. Na kwance kaya duka, na sake gwadawa, na kasa. Rana ta take, ruwan da ke gare ni bai kai lita guda ba, waya kuma ba ta kamawa. Na yi kusan awa biyu a inuwar wata ƴar aduwa kafin Allah ya kawo wani makiyayi da shanunshi, muka haɗa ƙarfi muka ɗaga. Da nawa ƙaramin babur ne, da na tashe shi nan take na wuce. Da kuma makiyayin nan bai biyo ta wurin ba, ban san inda labarin zai ƙare ba.

Wane iri muke magana a kai?

Babura iri iri ne. Akwai na cikin gari, masu gajerun ƙafafu, irin na ƴan kabu-kabu. Akwai na tsere, waɗanda ba su da fitila ba su da lamba, ba a hawa titi da su. A tsakaninsu akwai wanda aka ƙera don hanya biyu, kwalta da daji. Shi ne namu. Za ka gane shi da doguwar ƙafar gaba, da taya mai kaushi, da cikin da ya yi nisa da ƙasa don kada ya bugi dutse ko kututture, da shokozoba mai tsawo wadda ke shanye gargada. Yana da fitila, da madubi, da wurin lamba, ke nan doka ta yarda a hau shi bisa babbar hanya.

Na farko, nauyi

Mu auna da abin da muka sani. Buhun gero kilo 100 ne, wato wajen tiya 40. To ga nauyin wasu babura da mai a cikinsu, kamar yadda masu ƙera su suka faɗa:

Suzuki DR200, wajen kilo 126.
Honda XR150L, wajen kilo 130.
Yamaha XT250, wajen kilo 132.
Honda CRF300L, wajen kilo 142.
Suzuki DR650, wajen kilo 166.
Yamaha Ténéré 700, sama da kilo 200.
BMW R1250GS, wajen kilo 250.

Ka gani, huɗun farko buhu guda ne da ɗan ƙari. Na ƙarshe kuwa buhu biyu da rabi ne. Yanzu ka ɗora mishi jakarka, da bidon mai, da bidon ruwa. Bisa kwalta ba za ka ji nauyin ba, don ƙafafu ke ɗauke da shi. Cikin rairayi da taɓo kai ne za ka ɗauka. Kuma duk mai tafiyar daji sai ya faɗi, ko gwani ne. Faɗuwa ta farko da safe za ka iya tashe shi. Ta huɗu da azahar cikin watan bazara, ƙarfi ya ƙare.

Shawarata: don tafiyar da akwai rairayi cikinta, kada ka wuce kilo 150. Kafin ka biya, ka roƙi mai shi ya bari a kwantar da babur bisa ƙasa mai laushi, ka tashe shi da kanka. In sai an kama maka, ba naka ba ne.

Abin da manyan matafiya suka nuna

Dattawanmu na Arlit, Agadas da Yamai suna tuna gasar Paris-Dakar. Ta farko ta tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978, ta isa Dakar ran 14 ga Janairu 1979, tafiyar wajen kilomita 10,000, kuma ta ratsa ƙasarmu. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kaɗai suka kai. Wanda ya zo na ɗaya wani saurayi ne Bafaranshe, Cyril Neveu, bisa Yamaha XT500. Wannan babur silinda guda gare shi, iska ke sanyaya shi, da ƙafa ake tada shi, nauyinshi wajen kilo 150. Ya sake cin gasar da irinshi a 1980. Daga baya masu gasa suka koma ma manyan injuna, amma tun 2011 aka tsaida doka cewa injin babur kada ya wuce sisi 450. Gasar ta bar Afirka, ta koma Amurka ta Kudu a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Ban da ƴan gasa, akwai matafiya. Wata Baturiyar Ingila, Lois Pryce, ta tashi daga Alaska a 2003 ta kai ƙarshen Ajantina, fiye da kilomita 30,000, bisa Yamaha mai sisi 225. A 2006 kuma ta tashi daga Landan, ta ratsa Sahara, ta kai Kef Tawun bisa mai sisi 250. In ƙaramin inji ya ratsa nahiya, ba zai kasa kai ka Tanut ba.

Na biyu, girman inji

Sisi shi ne awon faɗin cikin inji. Yawan sisi, yawan ƙarfi, amma da yawan nauyi da shan mai. Ga yadda na gani cikin aiki:

Mai sisi 125 zuwa 150 ya ishi mutum guda da kaya kaɗan. Yana jin daɗin tafiyar kilomita 70 zuwa 80 a awa. In ka matsa mishi fiye da haka yini guda, kana rage mishi kwana.

Mai sisi 200 zuwa 250 shi ne tsaka-tsaki. Yana jan mutum da kayanshi, yana hawa tudun rairayi ba sai an sauka an tura ba, kuma bisa kwalta yana riƙe 90 ba wahala. In za ka riƙa goyon wani, kada ka yi ƙasa da wannan.

Mai sisi 300 ya fi su gudu, amma sabbin irinsu sun zo da na'urorin da za mu yi magana a kai nan gaba.

Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. Da ƙaramin babur kwana biyu ne, ka kwana Ƙonni ko Maraɗi. Da babban ma, mai hankali ba ya yin ta a yini guda, don ramuka, da jakai, da manyan motoci. Ke nan ribar babban inji kaɗan ce. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa.

Na uku, tanki da lissafin mai

Nan ne da yawa ke yin kuskure. Ƙaramin babur yana shan wajen lita 3 a kilomita 100 bisa kwalta. Cikin rairayi, ko in iskar hunturu na bugun ka a ƙirji, ka ƙara rabin wannan. Ke nan tanki mai lita 10 zai kai ka wajen kilomita 300 bisa hanya mai kyau, amma cikin daji kada ka sa rai da fiye da 200.

Mu yi misali. Bisa hanyar Yamai zuwa Damagaram ba ka da damuwa, akwai mai a Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa. Amma daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Tanut tana wajen kilomita 150, saura wajen 300 ke nan. Mai hankali yana lissafi kamar ba zai samu mai a tsakani ba. Kilomita 300 lita 9 ne in komi ya tafi daidai, lita 13 ko 14 in hanya ta lalace. Tankin CRF300L bai cika lita 8 ba. Na DR200 ya wuce lita 12. Ka ga wani lokaci ƙaramin ya fi babban nisan zango.

In tankinka ƙarami ne, ka ɗauki bido mai lita 5 mai marfi mai kyau, ka ɗaure shi ƙasa a gefe, nesa da bututun hayaƙi. Da tanki ya samu wuri, ka juye shi ciki. Man kwalba na bakin hanya kuwa, ka tace shi da tsabtataccen ƙyalle kafin ya shiga tanki, don sau da yawa akwai ƙasa ko ruwa cikinshi.

Na huɗu, injin da za a iya gyarawa a ƙauye

Ka tambayi mai saidawa abu huɗu.

Iska ke sanyaya injin, ko ruwa? Mai ruwa yana jure doguwar tafiya da gudu, amma in ya faɗi tankin ruwan ya huje, tafiya ta tsaya nan. Mai iska ba shi da abin hujewa. Abin da yake so shi ne baƙin mai mai kyau, da hutu kaɗan in rana ta take.

Kafireta gare shi, ko injekta? Kafireta kowane makanike ya san ta, ana kwance ta a wanke a gindin icce. Injekta tana rage shan mai, ba ta cika lalacewa ba, amma tana dogara ga famfon lantarki da batir, ba ta son mai mai dauɗa, kuma in ta ƙi, sai babban gari. XR150L kafireta gare shi. CRF300L injekta gare shi, kuma ruwa ke sanyaya shi.

Ana tada shi da ƙafa? In maɓalli kaɗai gare shi, ranar da batir ya mutu sai turi, kuma ba a tura babur cikin rairayi. Ka nemi mai duka biyun.

Mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne? Wannan su ne masu farin hayaƙi, irin Yamaha DT125 da AG100 da ma'aikatan karkara suka daɗe suna hawa. Ba su da nauyi, gyaransu da sauƙi, amma sun fi shan mai, kuma dole kullum ka riƙe man haɗinsu. Don doguwar tafiya, wanda baƙin manshi ke zaune cikin inji ya fi.

Akwai kuma Yamaha AG200, wanda don aikin gona da kiwo aka ƙera shi. Sarƙarshi a rufe take cikin kwano, rairayi ba ya cin ta. Yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya, da jigo ta kowane gefe. Ba shi da gudu bisa kwalta, amma cikin daji jaki ne.

Bayan wannan, ka zagaya kasuwar da ta fi kusa da garinku. Ka tambayi masu kayan gyara: akwai sarƙar babur kaza? Akwai tayarshi, da faifan kulocinshi, da takalmin birkinshi? In sun ce sai an aiko daga Yamai ko Kano, ka sake tunani. Zan gaya maka gaskiya: in yawancin tafiyarka kwalta ce da jar ƙasa, babur ɗin kasuwa irin su Boxer, wanda kayanshi ke kowane gari, ya fi maka babur ɗin daji mai tsada wanda ba a san shi ba. Ka sa mishi taya mai kaushi, ka rage gudu. Sai in rairayi da kori sun yi yawa a hanyarka ne mai doguwar ƙafa zai biya kuɗinshi.

Na biyar, ƙafafu da sirdi

Babur ɗin daji na ainihi ƙafar gabanshi inci 21 ce, ta baya 18. Babbar ƙafa tana haye rami da gargada, ba ta faɗawa ciki. XR150L tashi 19 ce da 17, ita ma ta fi ta baburan gari. Ka zaɓi ƙafa mai wayoyi irin ta keke. In ta lanƙwashe ana miƙe ta, amma ta zubi in ta tsage ta tafi ke nan.

Cikin rairayi mai zurfi ana rage iskar taya don ta shimfiɗu. Kada ka rage da yawa, don taya na iya zamewa ta tsinke bakin tub. Da ka hau ƙasa mai tauri, ka maida iska. Saboda haka famfo ba ya barin jakarka.

Sirdi kuma ka hau ka gwada. Na CRF300L tsawonshi santimita 88 ne daga ƙasa, na XR150L wajen 83. In ƙafarka ba ta taka ƙasa sosai, duk tsayawa bisa gangare faɗuwa ce. Kada kunya ta sa ka sayi abin da ya fi ka tsawo.

Kayan da za ka ɗauka

Ka sayi marar nauyi, sannan ka ɗora mishi kayan raƙumi, ba ka yi komi ba. Mai nauyi ya zauna ƙasa a gefe biyu daidai, marar nauyi a sama. In kaya sun taru can baya, ƙafar gaba za ta yi ta rawa.

Abin da ba a bari: ruwa aƙalla lita 5, fiye da haka cikin bazara, tub na gaba da na baya, faci da gam, ƙarafan cire taya, famfo, buji, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma fulogi, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, sifanu da suka yi daidai da babur ɗinka, baƙin mai lita guda, igiya, fitilar hannu. Ka koyi cire ƙafa da yin faci a gida kafin ka tashi, don ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san baƙo ba.

Ƙurar hunturu ita ce babbar mai kashe inji a ƙasarmu. Ka duba matatar iska kowace yamma. In ta soso ce, ka wanke ta, ka shanya, ka shafa mata mai kaɗan. In ta takarda ce, ka kakkaɓe, kada ka jiƙa ta. Baƙin mai kuwa ka canza shi kafin lokacin da littafin babur ya faɗa, don ba don ƙurarmu aka yi wancan lissafi ba.

In na hannu za ka saya

Ka je da sassafe, ka taɓa inji ka tabbata da sanyi yake, sannan a tada shi gabanka. In yana fid da shuɗin hayaƙi, alhali ba mai ƙona baƙin mai ba ne, cikinshi ya cinye. Ka duba haƙoran da sarƙa ke bi, in sun yi tsini sun gaji. Ka duba shokozoba ko tana yoyo. Ka duba wuyan babur da ƙarƙashin sirdi ko an yi walda. Ka ɗaga ƙafar gaba ka girgiza, ka ji ko akwai wasa. Ka gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi. In mai shi ya ce takarda ta ɓata, ka yi mishi sallama ka tafi. Araha ba ta ado, kuma babur ɗin sata ƙarshenshi ofishin jandarma ne, kai da kuɗinka.

Kada ka zuba kuɗinka duka cikin saye. Ka ware na takardu, da na hular kwano, da na sabbin tayu.

Takardu da lafiyar hanya

Ka riƙe takardar mallaka, da ta inshora, da parmi, da katin ɗan ƙasa, cikin leda a jikinka. Ka sani kuma cewa saboda rashin tsaro hukuma ta hana hawan babur a jihar Difa a 2015, da wasu sassan jihar Tilaberi a 2020. Irin wannan doka tana canzawa daga wuri zuwa wuri, daga lokaci zuwa lokaci. Kafin ka tashi, ka tambayi jandarmomi ko maigari halin hanyar da za ka bi. Cikin hamada bayan Agadas ba a shiga da babur guda, komi kyawunshi, sai da izini, da jagora, da ayari.

Ka tashi da asuba, ka huta da tsakar rana, ka sauka kafin magariba. Ka gaya ma mutanen gida hanyar da za ka bi da ranar da za ka isa. In da hali ku tafi ku biyu, kuma baburanku su zama iri guda, don kayan gyaran ɗaya su yi ma ɗaya. Hular kwano kuwa ka sa ta ka ɗaure, rawani ba ya tare dutse.

To ɗan'uwa, ranar kasuwa in ka tsaya gaban babura, kada fenti da ƙarar inji su ruɗe ka. Ka kwantar da shi ka tashe shi. Ka hau ka ga ƙafarka ta taka ƙasa. Ka lissafa nisan da tankinshi zai kai ka. Ka tambayi makaniken garinku ko ya taɓa buɗe irinshi. In ya ci waɗannan huɗu, ka biya.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Mai tambaya kuma ya kai ta ga malamin gonar yankinsu. Allah ya kiyaye hanya, ya maida kowa gidanshi lafiya.